Don Fermín da Danƙon da Ya Ƙi Bushewa

Katanga ɗaya ce tsakanin shagona na faci da garejin Don Fermín Barría. Katangar ma ta kwano ce, saboda haka duk abin da aka faɗa a wajensa sai ya ratso ya same ni ko ban kasa kunne ba. Sunana Toribio. A nan Paso Molle aka haife ni, a nan kuma nake liƙe tayoyin da Hanya ta Arba'in ta yayyaga. Shi kuwa Don Fermín baƙo ne, duk da ya fi rabin mutanen garin daɗewa a cikinsa. Har gobe ɗan tsibiri ake ce masa.

Daga Chiloé ya zo, can ƙetaren duwatsu ta ɓangaren Chile, yana saurayi, cikin ayarin masu askin tumaki da ke bin gonakin kiwo kowace shekara. Mahaifinsa toshe jiragen ruwa na katako yake yi, shi ma tun hannunsa bai yi ƙwari ba ya iya cusa zaren igiya tsakanin allunan jirgi ya bi shi da kwalta. Yakan ce ruwan sama ne ya koro shi daga gida, don a tsibirinsu sai mutum ya yi wata guda rigarsa ba ta bushe ba. Da ya iso nan ya ga shekara na iya zagayowa ruwan sama bai cika bokiti ba, sai ya ce ya samu wurin zama. Babu wanda ya ba shi labarin iskarmu, sai da ta ɗauke masa hula ta farko.

Ya yi askin tumaki har ranar da bayansa ya ƙi miƙewa. A shekarar ayarin ya wuce gaba, shi ya tsaya. Ya kama ɗaki a bayan wurin mai burodi, yana 'yan aikace-aikace, yau gyaran rufi, gobe kafa shinge. Sauran lokacin yana kan bencin shagona muna shan mate, shayin ganyen nan namu da ake zuƙa daga ƙoƙo ɗaya. Ƙoƙon mate daga hannu zuwa hannu yake tafiya, ka zuƙe naka ka mayar, amma in ya shiga hannun Don Fermín ya yi masauki. Zai riƙe shi a saitin ƙirji yana zuba labari har ruwan ya huce.

Nakan ce masa, "Don Fermín, ba lasifika muka ba ka ba."

Sai ya zuƙa sau ɗaya, ya ci gaba da labarinsa da ƙoƙon a hannu.

A wannan bencin sana'arsa ta zo ta same shi. Lokacin masu motocin gida sun fara yawa a hanyarmu, mutanen da ke haɗa gado da murhu da wurin wanke-wanke a bayan mota su kama hanyar kudu don su ga ƙanƙara da ƙarshen ƙasa. Kafin su iso mu sai sun ratsa doguwar hanyar tsakuwa mai gargada, wadda ke girgiza mota har haƙoran mutum su riƙa kaɗawa. Wata rana wasu miji da mata daga Mendoza suka tsaya faci. Ina ƙoƙarin kwance taya sai na ga ruwa na zubowa ta ƙarƙashin ƙofar motar. Matar ta buɗe, ta tarar kwamin wanke-wankenta ya rabu da teburinsa, ya karkace, bututun ƙasa ya fita daga gurbinsa, garin fulawa da taliya duk sun jiƙe. Ta juya kan mijin, don shi ya kafa kwamin da hannunsa.

Don Fermín ya ajiye ƙoƙo, abin da ban taɓa ganin ya yi da son ransa ba, ya leƙa cikin motar. Ya ce, "Wannan ai jirgi ne da aka juya cikinsa waje. Can ruwan waje ake hana wa shiga, nan na ciki ake hana wa fita." Ya ari sifana a wajena, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin kwamin, ƙafafunsa na waje. Haka na fi saninsa tun daga ranar, rabinsa a cikin kabad, rabinsa a waje, bakin kuma bai daina aiki ba.

Mutanen Mendoza suka gaya wa wasu, wasu suka gaya wa wasu. Bayan 'yan shekaru ya kama filin da ke maƙwabtaka da ni, ya kafa rumfar kwano mai tsayin da motar gida za ta shiga, ya samu wani kare mai ɗingishi ya sa masa suna Noti.

Aikinsa kam babu abin kushewa. Ba ya taɓa ɗora sabon danƙo a kan tsoho. Sai ya kwance maƙalan da ke riƙe kwamin ta ƙasa, ya ɗaga shi, ya kankare tsohon danƙon tas da wani ƙashin haƙarƙarin rago da ya feƙe da kansa, wai ƙarfe na yi wa kwami tabo. Ya goge wurin, ya bar shi ya sha iska. In katakon ya fara ruɓewa ya yanke ya yi ƙari. In kwamin ya tsage ya ce a sake wani, ba ya yarda da liƙi. Sannan ya zagaye bakin ramin da farin danƙo, layi ɗaya ba tsinkewa, ya zaunar da kwamin, ya ɗaure maƙalan a hankali, wannan gefe, wancan gefe, ya tsoma yatsa a ruwan sabulu ya shafe abin da ya ɓullo. A ƙasa kuma tiyo mai lanƙwasa yake sakawa maimakon bututu mai tauri. Yakan ce kwamin gida zaune yake, na mota kuwa rawa yake yi tun safe, dole a bar masa wurin juya ƙugu.

Inda magana take shi ne bushewar danƙon. Dokarsa ita ce mota ba ta motsawa, ruwa ba ya taɓa kwami, sai danƙo ya bushe. Wannan gaskiya ce, kowa ya yarda. Sai dai mun lura danƙon Don Fermín ba kowa yake bushe wa daidai ba. In baƙo mai ɗaure fuska ne, wanda ke amsa magana da "uhm" yana duban agogo, kafin la'asar danƙo ya bushe ƙarau. In mai son hira ne, sai gobe. In kuwa ya iya karta, kuma matarsa ta iya suya, to danƙon nan sai ya yi ta jan jiki. Don Fermín zai fito da safe, ya taɓa gefen kwami da farce, ya girgiza kai cikin jimami, ya ce, "Da saura." Baƙin ma da yawansu ba sa damuwa. Wuta tana ci a murhu, ga labarin jiragen Chiloé, ga wurin fakewa daga iska. Akwai waɗanda suka riƙa dawowa duk shekara kwaminsu lafiya lau.

Bai taɓa aure ba. Matata Nilda ta yi ƙoƙarin haɗa shi da ƙanwar mai burodi, daga baya da wata malamar asibiti, duk bai yiwu ba. Nilda ta ce mutumin da zai yi wa baƙo surutu tun safe har rana ta faɗi, in aka zaunar da shi gaban mace sai ya koma kamar an ɗinke masa baki. Ya tsufa a haka, gashinsa ya yi fari, muka ɗauka maganar ta wuce.

Sai ga Doña Azucena Funes.

Ƙarshen lokacin baƙi ta zo, sanyi ya fara leƙowa, motocin duk sun juya arewa. Ita kaɗai ce ke tafiya kudu. Tsohuwar motar rarraba kaya ce aka mayar gida, an yi mata fenti kore, ita kuma tana bayan sitiyari a kan matashi biyu don ta ga hanya. Gajeriya ce, mai ƙiba daidai, da tabarau rataye a wuya. A shagona ta fara tsayawa na ƙara mata iska. Ta ce daga Villa María take, can Córdoba, kuma mijinta Reinaldo ne ya haɗa motar. Ya yi shekaru yana haɗa ta don su je Ushuaia, can ƙarshen ƙasa, in sun huta da aiki, sai ya rasu motar na tsaye a ƙofar gida ba ta je ko'ina ba. 'Ya'yanta suka ce a sayar. Ta ce to, ta tashi da sassafe ta tayar da mota.

Ta ce, "Akwai mai duba kwami a garin nan? Nawa yana ɗiga tun daga Esquel, na gaji da ajiye tukunya a ƙarƙashinsa."

Na nuna mata ƙofar da ke gefe.

Ta bayan katangar kwano na ji yadda suka fara. Don Fermín ya shiga motar, ya duba kwamin, sannan ya ce, "Doña, wannan ba kwami ba ne. Kwanon kwaɓa fulawa ne aka huda."

Ta ce, "Na sani. Nawa ne. Na yi wata uku ina nemansa a kicin, ashe Reinaldo ya kawo shi nan."

"Gara a cire a saka na gaske. Ina da ɗaya na ƙarfe da zai zauna daidai."

"Malam, a cikin kwanon nan na kwaɓa burodin bikin 'ya'yana duka. Ka gyara shi, ko ka gaya mini ba za ka iya ba."

Babu wanda ya taɓa gaya wa Don Fermín ba zai iya ba. Ya cire kwanon, ya gyara hudar da marigayi ya yi a karkace, ya yanko roba ya yi mata zobe, ya sake katakon da ke kewaye. Aikin kwana ɗaya ne, in an ja shi biyu. Da yamma ta fito da kujera da karta, ta tambaye shi ko yana taɓawa. Ta cinye shi sau uku a jere. Washegari ya taɓa danƙo da farce ya ce da saura.

Daga nan abin ya zarce duk wanda muka saba gani. Da danƙo ya bushe sai ya gano famfon yana gumi. Da ya gyara famfo sai ya ce tiyon da ke zuwa tanki ya tsufa, sai an aiko da wani daga Río Gallegos a motar haya. Tiyon ya iso, ya juya shi a hannu ya ce ba kaurinsa ba ne, alhali irinsa na rataye a bangon garejin tun bara. Aka sake ɗaga kwano, aka sake danƙo. Wata safiya na ji da kunnena yana gaya mata wai iskar kwanan nan akwai laima a cikinta, shi ya sa danƙo ke nawa. Laima, a Paso Molle, inda in ka shanya riga kafin ka juya ta bushe ta tashi sama.

Ita kuwa ta ce, "Haka ne? Allah sarki. To sai mu jira."

Ta jira. Ta share masa garejin, ta jera masa kusoshi a gwangwani kowanne da girmansa, abin da ya sa ya yi kwanaki bai san inda komai yake ba. Noti ya bar kwana a ƙofar ubangidansa ya koma ƙarƙashin koriyar mota. Don Fermín ya fara aske gemu kullum. Ya sayi sabuwar riga mai gida-gida, ya sa ta da karin ninki a jiki. Abin da ya fi ba ni mamaki, in suna zaune ita ke magana shi yana saurare, ƙoƙon mate na komawa hannunta tun yana da zafi.

Nilda ce ta kawo labarin da ya sa na kusa shaƙewa da abinci. Sun je wajen mai burodi tare da Doña Azucena, hira ta yi hira. Ta dawo ta rufe ƙofa ta ce, "Ka san sana'ar matar nan kafin ta huta?"

Na ce ban sani ba.

"Shagon kayan famfo. Ita da mijin, tun suna amarci. Ita ce a kan kanta. Ta ce danƙon da Don Fermín ke sakawa ta sayar da shi kwali-kwali."

Na ce, "To me ya sa ba ta gyara abinta ba?"

"Gwiwa. Ba ta iya durƙusawa ƙarƙashin kabad. Amma ta san komai, Toribio. Ta san tiyon nan tun ranar farko."

Na so in gaya masa, Nilda ta ce in na buɗe baki zan koma cin abinci a shago.

Ranar Lahadi muka gasa rago a bayan gidanmu, muka gayyace su. An ci, an sha, ana ta hira. Doña Azucena ta goge hannu, ta sa tabarau, ta dubi Don Fermín.

Ta ce, "Don Fermín, gobe zan wuce. An ce ƙanƙara ta kusa rufe hanyar kudu."

Ya ajiye wuƙa. "Amma Doña, danƙon..."

"Danƙon ya bushe tun ranar da ka fara saka shi. Na biyun ma ya bushe, na ukun ma haka. Ni na san shi, yakan kama cikin yini. Ban ce komai ba don ina jin daɗin zaman, kuma kana da daɗin cinyewa a karta."

Kunnuwan Don Fermín suka yi ja. Ya dubi ragon kamar shi zai ba shi amsa.

Ta ce, "In kana tsoron aikinka zai saki a hanya, akwai kujera a gefen direba. Ka zo ka riƙa dubawa."

Nilda ta tashi wai za ta ɗauko gishiri, ta taka mini ƙafa a hanya don in bi ta. Ban bi ta ba. Na zauna na ji abin da zai ce. Abin da ya ce shi ne, "Ai aikina ba ya saki."

Ta ce, "To shi ke nan."

Da yamma ya zo bencina ya zauna. Ya ce bayansa ba zai ɗauki doguwar tafiya ba. Ya ce waye zai kula da Noti. Ya ce in wani ya zo da kwami a tsage fa. Na ce masa baƙi sun ƙare sai baɗi, kare kuma zan ba shi abinci, bayansa kuwa ya ɗauki kwanciya a ƙarƙashin kabad shekara da shekaru, kujera mai soso ba za ta kashe shi ba.

Can ya ce, "Toribio, motar mijinta ce. Shi ya haɗa ta don su biyu. Ni in shiga in zauna a wurinsa?"

Na zuba ruwan zafi a mate. Na miƙa masa ƙoƙo, ya zuƙa ya dawo mini da shi nan take.

Da safe ya cika kwanon da ruwa a gabanta, ya toshe, ya bari ya daɗe, ya zare matoshi, ya shimfiɗa busasshen tsumma a ƙasa ya nuna mata. Ko ɗigo babu. Ya cika mata tanki, ya ɗaure ƙofar kabad da roba don kada ta riƙa bugawa. Ta sumbace shi a kumatu kamar yadda ta yi wa Nilda, ta hau kan matasanta, ta ja mota. Noti ya bi ta da ɗingishi har gadar bakin gari, sannan ya dawo.

Sanyin shekarar ya yi tsanani, Don Fermín kuma ya yi shiru irin wanda ban saba ba. Katangar kwano ta daina kawo mini labari. Yakan zo benci ya zauna, ya tambaye ni ko na ji yadda hanyar kudu take. Gemun ya dawo. Kusoshin dai ya bar su a gwangwanayen yadda ta jera. Nilda ta ce masa ga lambar wayar Doña Azucena, ta bar mana. Ya ce shi bai saba magana da mutumin da ba ya gani ba.

Da ƙanƙara ta narke, itatuwan bakin hanya suka fara toho, ina cikin shago na ji an tsaya. Na fito na ga koriyar mota, ta yi ƙura, gilashin gefe ya tsage. Doña Azucena ta sauko a hankali saboda gwiwa. Ta ce ta kai Ushuaia, ta ga inda hanya ta ƙare, ta yi sanyin a wajen wata 'yar ƙanwarta a Río Grande. Na tambaye ta labarin kwanon da aka gyara.

Ta ce, "Ko ɗigo. Mutumin nan ya iya aiki, abin haushi. Don Toribio, ara mini sifana mai lamba."

Na ba ta. Ta shiga motar, na ji tana nishi tana durƙusawa, tana yi wa gwiwarta faɗa. Na ji ƙarar ƙarfe sau biyu. Ta fito tana haki, ta miƙo mini sifana, ta ce, "Ba ka ga komai ba." Ta ja motar taku kaɗan zuwa ƙofar gefe, ta danna oda.

Ta bayan katangar kwano na ji ta ce, "Don Fermín, aikinka yana yoyo."

Na ji ya shiga motar. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san bambancin notin da hanya ta sassauta da wanda hannu ya kwance, balle shi. Ya daɗe a ƙarƙashin kabad ɗin fiye da yadda ɗaure noti ɗaya ke buƙata. Da ya yi magana, muryarsa a hankali ta fito.

Ya ce, "Gaskiya ne, Doña. Irin wannan kuwa yana iya sake saki kowane lokaci. Yana buƙatar mai sa masa ido."

Ta ce, "Abin da na gani ke nan."

Daga baya ta gaya wa Nilda cewa ta fahimci abin da ya riƙe shi. Shi ya sa ta yi tafiyar Reinaldo ita kaɗai har ƙarshe, ta tsaya a bakin ruwa ta yi kukanta, ta gama. Ta ce tafiyar da ta rage kuma tata ce, ita ke zaɓen wanda zai zauna a gefenta.

Ba su tafi nan take ba, don lokacin baƙi ya kama, aiki ya yi yawa. Ta zauna a garejin tana karɓar baƙi, tana gaya musu abin da ya lalace tun kafin ya fito daga ƙarƙashin kabad, shi kuma yana gunaguni wai an shiga masa sana'a. Ƙarshen lokacin suka je ofishin rajista aka ɗaura musu aure, ni da Nilda muka tsaya shaida. 'Ya'yanta biyu suka zo daga Córdoba. Babban ya yi ta kallon Don Fermín sama da ƙasa, sai da aka zauna karta ya ga yadda uwarsa ke lallasa shi sannan ya saki jiki, ya ce aƙalla ba ɗan damfara ba ne.

Tafiyarsu ta farko Chiloé suka nufa, ita ta matsa. Tun da ya fito yana saurayi bai koma ba. A nan muka gano cewa mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin motocin gida bai taɓa shiga ɗaya tana tafiya ba. Kafin su kai kan iyaka ya yi amai sau ba adadi, kuma a cikin kwanon da ya gyara da hannunsa. Doña Azucena ta ce tun daga ranar ta daina ba da labarin burodin biki.

A tsibirin ya tarar iyayensa sun daɗe da rasuwa, gidansu wasu ne a ciki. Amma ya samu ƙanwarsa Edita, wadda ya bari tana goye a bayan uwarsu, yanzu da jikokinta. Ta buɗe ƙofa ta ga tsoho tsaye cikin ruwan sama da hula a hannu, ta ce masa ba ta sayen komai. Sai da ya faɗi sunan jirgin mahaifinsu sannan ta riƙe ƙofa ta zauna a ƙasa. Ta kai shi kabarin iyayen, ya gyara gicciyen katakon da ya karkace, ya sake masa fenti. Suka yi 'yan makonni ana ciyar da shi kifi da dankali. Da ya dawo na tambaye shi yadda ya ga gida. Ya ce lafiya, sai dai har yanzu ba su gyara ruwan saman ba.

Yanzu hannunsa ya fara rawa, layin danƙo ba ya fita masa santal kamar da. Ita ke matsawa daga sama, shi yana ƙasa yana ɗaure maƙalai yana ba da umarnin da ba ta bi. In sanyi ya gabato sai su rufe garejin su yi arewa wajen 'ya'yanta, su bar mini makulli. Noti ma da shi ake tafiya, don ya fi ubangidansa jure mota.

Makon jiya ya kira ni a waya daga Villa María. Doña Azucena ce ta danna masa lambar. Ya ce garin ya yi masa mutane da yawa, jikokinta suna kiransa kaka suna hawa masa baya, kuma babu iska ko kaɗan, hular mutum sai ta yini a kansa. Ya tambaye ni ko rufin rumfarsa na nan. Na ce kwano ɗaya ya ɗaga, na ɗora masa tsohuwar taya. Ya ce kada in taɓa komai sai ya dawo. Na ji muryarta daga nesa tana cewa abinci na hucewa, ya ce mini sai an jima, ya manta bai kashe wayar ba. Na ɗan saurari ƙarar cokula, sannan na kashe daga nan.